Yadda Ake Auna Karkatar Harsashin Doguwar Bindiga da Aka Ɗura da Hannu

Duk mai ɗura harsashinsa da kansa domin harbin nesa ya san takaicin auna albarushi daidai wa daida, amma harbi ya watse a jikin allo. Wani lokaci laifin ba na albarushi ba ne. Ƙwayar harsashin ce ta zauna a karkace cikin wuyan kwanso, wato gwangwanin da ke riƙe da albarushi, sai ta shiga bututun bindiga ba a miƙe ba. Ido ba ya ganin wannan karkata, sai ma'auni.

Ka tanadi ma'aunin karkata, irin na kamfanin Sinclair ko RCBS. Kwanso yana kwanciya a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe ko cikin gurbi mai siffar V, agogo mai allura kuma yana dangwale shi da tsininsa. Kowane layi a fuskar agogon 0.001 ne na inci, kusan milimita 0.025.

Fara da goge kwanson tsaf. Ɗigon maiko ko ƙura kaɗai na iya sa allura ta yi maka ƙarya.

Ka kwantar da shi, gindinsa ya jingina da matokari, ka ɗora tsinin agogo a tsakiyar wuya. Da yatsa ɗaya ka mirgina shi a hankali, ba dannawa, har ya zagaya sau biyu. Ka lura da inda allura ta fi hawa da inda ta fi sauka. Tazarar da ke tsakani ita ce lambarka. Idan ta tashi daga 0 ta kai layi 4, karkatar 0.004 ce na inci, wato tsakiyar ta goce da rabin haka.

Ga abin da na fi so ka riƙe: kada ka jira sai harsashi ya kammala. Ka auna kwanso bayan an harba shi, ka sake aunawa bayan ya fito daga mazubin matsi, wato ƙarfen da ke matse kwanso ya koma girmansa, sannan bayan ka zaunar da ƙwaya. A wannan karo na uku tsinin agogo ya taɓa ƙwayar a inda take fara lanƙwasa, ba can tsininta ba, kuma wuri ɗaya kullum. Matakin da lamba ta yi tsalle, nan ɓarnar take. In bayan matsi ne, zargi ƙwallon cikin mazubin da ke buɗa wuya yayin fitowa, domin yakan ja wuyan gefe idan cikin wuyan ya bushe. In bayan zaunar da ƙwaya ne, ka tura ta rabi, ka juya harsashin rabin zagaye, ka ƙarasa. Wuyan da ɓangare ɗaya ya fi kauri shi ma yana kawo haka.

Masu harbin gasa da yawa na neman 0.002 ko ƙasa. Ka ware harsasan gida biyu, miƙaƙƙu da karkatattu, ka sa musu alama da alƙalamin maka, ka harba kowane rukuni daban a tazara ɗaya, ka ga ko bindigarka ta damu da bambancin.