Yadda Ake Haɗa Modem na ADSL da Layin Tarho

Modem na ADSL na'ura ce da ke kawo intanet ta layin tarho na gida. Da farko a sanya matatar layi, wato ƙaramar na'ura mai ƙofofi biyu, a soket ɗin bango, sannan a jona tarho a ƙofa ɗaya, modem kuma a ɗayar. Kada a raina wannan 'yar na'ura, domin ita ce ke raba murya, wadda ke tafiya ƙasa da hertz 4,000 (hertz shi ne ma'aunin yawan girgizar sigina a daƙiƙa), da bayanan intanet da ke bin zangon sama a kan wayar tagulla guda. Tsohon modem mai buga lamba yakan mayar da bayanai sauti a cikin zangon murya, shi ya sa saurinsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma yakan tare layin gaba ɗaya.

Daga nan a haɗa kwamfuta da modem ɗin ta hanyar kebul, a jira fitilar da aka rubuta wa DSL a jikin modem ɗin ta daina ƙyaftawa.