Yadda za ka yi in ma'aikatan hukuma sun zo ƙofar gidanka suna son shiga

Toh jama'a abu biyu nake gani a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa kuma duk biyun suna damuna. Wani da ya ga mai kaki ko mai fayil a hammata shikenan jiki na rawa zai buɗe masa har ɗakin matarsa, wani kuma ko duba-gari ne ya zo duba masai sai ya ɗauko gora wai ai gidansa ne. Dukkansu ba su san inda haƙƙinsu ya fara da inda ya tsaya ba.

Na farko, ka tsayar da su a zaure. Ka amsa sallama, ka shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, amma kar kowa ya wuce cikin gida tukuna. Wannan ba taurin kai ba ne, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan kowane ɗan ƙasa, mu kuma dama tun a Suratun Nur aya ta 27 an hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Sai dai sashe na 45 ya yarda a yi doka da za ta taɓa wannan haƙƙi saboda lafiyar jama'a ko tsaro, ta nan hukuma take samun ƙofa.

Na biyu ka tambaya cikin ladabi, ranka ya daɗe daga wane ofis, me ya kawo ku, a ɗan nuna min katin aiki. Kana cikin haka ka tura yaro ya kira mai unguwa, in ba ya nan ko liman ko wani dattijo maƙwabci. Ma'aikacin gaske ba ya jin haushin ganin mai unguwa, galibi ma ta hannun dagaci da mai unguwa ake bi kafin a shigo gari, wanda ka ga ya fara tsaki yana duba agogo don an ce a kira shaida to ka sa masa ido.

Na uku ka gane wane iri ne ya zo, don ba duka ikonsu ɗaya ba.

Duba-gari yana da dama a dokar lafiyar jama'a ya shiga da rana ya duba masai, kwata, rijiya, juji, inda aka ɗaure dabbobi, randar ruwa. Dan Allah kar ka hana shi, musamman da damina lokacin amai da gudawa, masai ɗaya da aka haƙa dab da rijiya sai ya kwantar da unguwa guda kuma yaranka ne farkon sha. Abin da za ka ce kawai a jira mata su kintsa, sannan ka bi shi ƙafa da ƙafa. Aikinsa tsafta ne, ba ruwansa da akwati ko ƙarƙashin katifa ko rumbun hatsinka nawa ne a ciki. In ya ga abin gyara takardar notis zai rubuta maka da wa'adi, ka karɓa ka gyara, in ka ƙi sai a yi maka sammaci kotu. Kuɗin da aka ce kawo a kashe maganar a nan babu rasit, wallahi ba na gwamnati ba ne.

'Yan sanda kuwa in bincike suka zo sai da waranti mai sa hannun alƙali ko majistare. Ka karɓa ka karanta, in ba ka iya ba a karanta maka a gaban mutane, ka tabbata gidanka ne aka rubuta ba na maƙwabci ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi irin tata a 2019, ta ce a yi bincike gaban shaidu, a rubuta duk abin da aka ɗauka a sa hannu, mace kuma mace ce ke caje ta. Har matan kulle dokar ta san da su, dole a sanar da su a ba su lokaci su kauce kafin a shiga, mutane da yawa ba su san wannan ba shi ya sa ake keta musu haddi suna kallo. Inda za su shiga ba waranti shi ne in wanda suke da ikon kamawa ya faɗa gidanka, a nan doka ta ce ka ba su hanya. Gobara ko ceton rai ma ba a jiran takarda. 'Yan sintiri dai komai amfaninsu a gari ba su da hurumin binciken gida da kansu.

Masu karɓar harajin ƙaramar hukuma galibi lamarinsu shago ne da rumfar kasuwa da injin niƙa, su tsaya a nan su ba ka rasit mai hatimi.

Gona kuma ta ɗan bambanta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, tana iya karɓa don aikin jama'a kamar hanya ko makaranta ko asibiti, amma da diyyar amfanin gona da bishiyoyi da ginin da ke kai. In ka ga masu awo suna kafa turaku kar ka tumɓuke, ka nemi takardar aikin, ka ɗauki hoton shukarka da kowace bishiyar ɗorawa da kuka da mangwaro tun kafin katafila ta shigo, don ranar lissafin diyya da wannan za ka yi magana.

Na huɗu, in sun ce sai sun shiga da ƙarfi kar ka kai hannu, kar ka bari samari su taru da duwatsu, nan take maganar za ta juye ta zama kai ne ka hana ma'aikaci aiki. Ka faɗa da ƙarfi shaidu su ji cewa ban yarda ba, ka riƙe suna, lambar mota, rana da lokaci. Washegari ka rubuta ƙorafi, na duba-gari ko haraji ka kai sakateriya wajen shugaban sashen, na ɗan sanda wajen DPO ko sama da shi, in an yi shiru akwai ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa a Kano da Dutse. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin an karɓa a kan ɗaya ka dawo da shi gida.