Darasi na 9: Ayabar Cattelan da Takardarta

Malami zai karanta sau ɗaya. Sai kowa ya karanta da kansa, a hankali.

An haifi Maurizio Cattelan, mai ayyukan fasaha, a garin Padua na ƙasar Italiya a shekarar 1960. Mahaifinsa direban babbar mota ne, mahaifiyarsa kuma tana aikin shara da goge-goge. Bai taɓa zama a ajin koyon zane ba. Ya yi kuku, ya yi aikin lambu, har a ɗakin ajiye gawa ya nemi abinci. Daga baya ya kama kafinta a garin Forli, yana haɗa kujeru da tebura.

Mutum ne da ba ya tsayawa kan sana'a ɗaya. Yana yin mutum-mutumi, yana shirya baje kolin ayyukan fasaha, a 2010 kuma ya fara buga mujallar hotuna tare da wani mai ɗaukar hoto, Pierpaolo Ferrari. A 2016 ya sa aka ƙera masai na zinare, aka kafa shi a gidan kayan tarihi na Guggenheim a New York. Ɓarayi sun sace shi a Ingila a 2019.

Amma ayaba ce ta kai sunansa ko'ina. A watan Disamba na 2019, a wani baje kolin ayyukan fasaha a birnin Miami na Amurka, ya manna ayaba guda a bango da salatif. Shi ke nan aikin! Aka saya dala 120,000. Ana cikin kallo wani ya ɓare ta ya cinye. Ba a yi rigima ba, sai aka manna wata.

Ku tsaya a nan. Me mai saye ya biya wa kuɗi, tunda ayaba kwana kaɗan take yi ta yi baƙi? Takarda ya saya. Takardar ce ke shaida cewa aikin na Cattelan ne, tare da bayanin yadda za a manna ayabar da kuma canza ta idan ta ruɓe. Kowa na iya manna ayaba a bangonsa, amma in babu wannan takarda, ayaba ce kawai. A Nuwamba 2024 an yi gwanjon aikin a New York, wani ɗan kasuwa mai suna Justin Sun ya biya dala 6,200,000. Shi ma cinye tasa ya yi, ya riƙe takardarsa. A ganina akwai tsokana a wannan ciniki, Cattelan kuwa dama gwanin tsokana ne.

Yanzu ku ɗauko littafi da fensir. Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: ayaba, bango, takarda, gwanjo, shaida.

Sai lissafi. Ku cire 120,000 daga 6,200,000. Ku lura da sifirai, nan ake yawan tuntuɓe.

Gobe kowa ya zo da rasit ɗaya daga gida, ko na magani ko na taki. Za mu nemo kwanan wata, da kuɗin da aka biya, da sa hannun mai sayarwa.