Buji ya cinye haƙoran kilas: inda gyaran ke ɓacewa

Da rani ya kama, masu lambun albasa daga Galmi har Tabalak ba su da abin dogaro sai injin ban ruwa. Lokacin ne ake ta kawo shi garejojin Tahoua da kuka iri ɗaya: buji, wato filogi, yana juyawa, ya ƙi ɗauruwa. Ƴan kabu-kabu da masu injin wuta ma ba su tsira ba. Kilas, wato kan inji, na alminiyum ne, buji kuwa ƙarfe, don haka in aka matsa musu, kilas ne ke zubar da haƙora.

Ɓarnar takan fara tun wurin kwancewa. An kashe inji yanzu, an ɗora kile, wato sifana, da zafinsa, sai haƙori ya biyo buji waje. A bar shi ya huce har tafin hannu ya iya zama a kansa, a kuma hure yashin da ya taru a gindin buji, musamman da hunturu. Wurin mayarwa, yatsu ne ke fara aiki. A murza da hannu har wasa, wato zoben ƙarfen da ke gindin buji, ta zauna, sannan kile ya ƙarasa: rabin juyi ga sabon buji, kwata ko ƙasa da haka ga wanda ya taɓa aiki. In ya cije tun juyi na biyu, a karkace ya shiga. Ƙanena, fito da shi ka sake, kada ka ce ƙarfi zai daidaita shi.

Sai bujin da ba na injin ba. Injin ban ruwa irin GX160 da masu kama da shi suna ɗaukar mai kaurin milimita 14, yawancin babura 125 mai 12, ƙananan 110 kuma mai 10. Tsawo ma abin lura ne. Gajere yakan bar haƙoran ƙasa a buɗe, baƙin hayaƙi ya daskare a kansu, ranar da aka sa na daidai sai ya cije. Wanda ya yi tsawo kuwa yana iya taɓa fistan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dabarun da ake yi bayan haƙorin ya tafi. Wani ya naɗa zaren waya, wani ledar famfo, wani ya cika ramin da gam. Ta haƙoran nan buji ke sauke zafinsa cikin kilas, ta nan kuma wutarsa ke komawa jikin inji. In an raba su, buji ya yi zafi fiye da kima, matsi ya riƙa tsiyaya, wata rana ya yi tsalle ya fita tsakiyar ban ruwa, ya kuma bar ramin ya fi da lalacewa. Kilas da yawa a wannan gyaran na biyu suke mutuwa.

In haƙora biyu ko uku na sama ne kawai suka kwanta, taro, wato ƙarfen yanka haƙora, mai daidai awon ya isa ya tashe su. In sun tafi duka, a faɗaɗa ramin a sa sabon gida na ƙarfe, ko na waya irin Helicoil ko na bututu irin Time-Sert. Ni na bututu na fi so, domin buji abu ne da ake yawan cirewa. A nan ma akwai wuraren zamewa. Babba shi ne shigar da taro a karkace: wasa ba za ta zauna daidai ba, matsi ya yi ta fita har abada. Na biyu, gidan da tsawonsa bai yi daidai da na buji ba. In ya leƙa cikin ɗakin wuta, bakinsa yakan yi ja ya kunna mai tun lokaci bai yi ba. Mai sa na waya kuma kada ya manta da ɗan harshen da ke ƙasa, a karya shi a fito da shi.

A kan ƙaramin inji, a cire kilas kawai. Noti kaɗan ne da sabon jowan, wato shimfiɗar da ke tsakanin kilas da jikin inji, a kan tebur kuma ido na ganin ko taro ya miƙe. Wanda ba shi da kayan, ya kai wa mai turna, wato mai injin feƙe ƙarfe, ko da sai an aika Yamai. In dole sai a kan inji, a juya shi har bawul biyu su rufe, fistan ya ɗan sauka, a shafe taro da girisi don ya kama garin alminiyum, a riƙa fitowa da shi ana gogewa bayan kowane juyi biyu. An gama, a hure ramin, a ja igiya sau da yawa ba buji.

Tashin farko a bar inji ya yi aiki a hankali na ƴan mintoci, a kashe, a jira ya huce. Sannan a duba gindin buji: in akwai baƙin tabo ko danshin mai a kewaye, wasa ba ta zauna ba, kada a mayar da shi lambu tukuna.