Yadda za a samo wa baƙo tafinta a Yamai idan ba a jin yarensa

Tambayar farko ita ce wane yare baƙon ya tashi da shi. Sunan ƙasarsa bai isa ba. Ɗan Gini yana iya zama mai jin Fulatancin Futa Jalon, ko Malinke, ko Susu, kuma Fulatancin can ya sha bamban da na Say. Wanda ya fito Darfur yakan ce yana jin Larabci, alhali na ciniki ne kawai, yarensa Fur ne ko Masalit ko Zagawa. A kunna masa gajeren saƙon murya a waya a kowane yaren da ake zato, a ga wanda ya gane sosai.

Tafinta ana samunsa a ƙungiyoyin 'yan ƙasarsu mazauna Yamai, da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni, da ofisoshin HCR da OIM, wato hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da 'yan gudun hijira da masu ƙaura. Mai neman mafaka kuwa kada a kusanci ofishin jakadancin ƙasarsa, don sau da yawa gwamnatin ce ya gudo wa. Kada a sa yaro ya fassara wa iyayensa, ko miji ya fassara wa matarsa a gaban likita: kunya za ta haɗiye rabin maganar. A tambayi baƙon a keɓe ko ya yarda da wanda aka kawo, saboda yare ɗaya ba ya hana tsohuwar gaba.

In an zauna, mai tambaya ya dubi baƙon, ya yi jimla biyu ko uku ya dakata. Tafinta ya maimaita duk abin da aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Idan sai an bi ta mutum biyu, misali daga Tigrinya, yaren Eritiriya da arewacin Habasha, zuwa Larabci sannan Hausa, a ware lokaci ninki uku.

Lambobi ne suka fi jawo ɓarna. Mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 2 nasu shi ne 8 na safe a nan, kalandarsu ma tana baya da shekara 7 zuwa 8. Haka kuɗi: tafinta ya ce ɗari yana nufin dala ɗari, wato sefa 500, baƙo ya ji sefa 100. Don haka ranar komawa asibiti, adadin ƙwayar magani da kuɗi, a rubuta su a takarda, baƙon ya maimaita da bakinsa kafin a tashi.