Kurakuran masu sabon kiwon tarwada da ke cin mutum, ba kifi ba

Na gaji da shiga sababbin gidajen kifi ina tarar da abu guda. Mai wurin zai buɗe maka littafinsa ya nuna 'ya'yan tarwada dubu nawa ya zuba, nawa suka mutu a makon farko, buhun abinci nawa ya rage. Ka tambaye shi ina ake kashe wutar famfo, sai ya juya ya tambayi yaronsa. Yaron kuwa yana cikin tanki, ruwa har gwiwa, ƙafa ba takalmi, waya na lilo a saman kansa. Ni ma haka na fara, don haka ba zan sassauta wa kowa ba.

Wutar lantarki zan sa a gaba, domin ita ta kusa sa ni ɗaukar gawa. Wayar famfon da nake kwashe ruwa da shi ta gaza kai wa soket, sai na ƙara mata wata, na naɗe mahaɗin da salatif, na ɗora a bakin tanki. Wata da watanni ba abin da ya faru. Ranar da za mu kwashe kifi muna cikin zuƙe ruwa aka ɗauke wuta. Yaron da ke yi mini aiki ya ce, "Maigida, bari in share bakin famfon kafin su dawo da ita." Na ce to. Ya sauka, ya tsuguna, mahaɗin nan ya zame ya faɗa ruwa ba wanda ya lura. Sai aka kawo wuta.

Bai yi ihu ba. Abin da mutane ba su sani ba ke nan: wanda wuta ta kama a cikin ruwa sau da yawa ba ya iya magana, ba ya iya sakin abin da ya riƙe. Sandarewa kawai ya yi, ido a waje. Ɗayan yaron ya zabura zai janyo shi, na daka masa tsawa, na ruga na fizge filogi. Da ya taɓa shi, da biyu za mu ɗauka. Kwana biyu ya yi a asibiti. Mahaifinsa ya zo, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Alhaji, amana na ba ka," ya tafi da ɗansa. Na gwammace da zagina ya yi.

Tun daga ranar, ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne a wurina. Duk wanda zai shiga ruwa, shi da hannunsa zai cire filogi ya rataye shi a wata ƙusa da na buga inda ake hango ta daga cikin tanki. Ba aike, ba "na ce wa wane ya kashe". Waya mai mahaɗi ba ta kusantar ruwa, in ta gaza a sayi doguwa. Na sa mai gyaran wuta ya haɗa wayar ƙasa, ya kuma sa na'urar nan da ke katse wuta da kanta idan ta fara yoyo, mai ƙarfin miliamfiya 30. Tana da ɗan maɓallin gwaji, ni duk Juma'a da safe nake danna shi. Wasu abokan sana'a suna yi mini dariya, wai kuɗin buhun abinci na ɓata. Wutar gida bolt 230 ce, kuma jiƙaƙƙen jiki ba shi da wani katanga da ita. Ku yi ta dariya.

Janareta kuma a waje, nesa da ɗakin da mai gadi ke kwana. Hayaƙinsa yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Na biyu shi ne raina ƙayar tarwada. Tarwada tana da ƙaya mai tauri a kowane gefe bayan kai, tana miƙe ta ta kafe idan an kama ta. Kowa a sana'ar nan ta taɓa sukarsa, shi ya sa aka mayar da ita abin wasa. Ni ta soke ni a gindin babban yatsa muna ware manya da ƙanana. Na matse jinin, na shafa gishiri, na mayar da hannun cikin ruwan tankin da kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci suka kwana a ciki. Kwana uku hannu ya zama kamar an hura shi, wani jan layi ya fara hawa dantse, ga zazzaɓi. Na je kemis aka ba ni kafso, na sha na kwana biyu na bari. Sai da aka tsaga wurin a asibiti aka ciro ɗan guntun ƙaya. Mako biyar ban kama kifi ba, har yau yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai, musamman da hunturu.

Ba sukar ce ta kayar da ni ba, komawa ruwan ne. Ruwan kiwo cike yake da ƙwayoyin cuta masu jiran ƙofa. Yanzu wanda ƙaya ta soka ya gama aikin ruwa na ranar, ko da mai saye na tsaye da mota. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a tsoma hannun cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya jurewa har raɗaɗin ya lafa, a duba ko ƙaya ta karye a ciki. Kumburi ko zazzaɓi, asibiti, ba kemis ba, a kuma tambayi allurar tetanus. Koma muke amfani da ita wajen ɗiba. In dole sai da hannu, a kama ta baya, yatsu a bayan ƙayoyin, da safar hannu mai kauri. Kuma ku daina barin yara suna taka ƙasan tanki ba takalmin roba ranar kwashe kifi. Haba! Kifi ɗari na birgima a ƙarƙashin tafin ƙafar mutum, kai kana gefe kana ƙirga kilo.

Maganar magani kuwa har kunya take ba ni. Na ga fomalin, wanda ake kashe wa kifi ƙwayoyin cuta da shi, a cikin robar lemo, ba rubutu, a ajiye kusa da butar alwala. Shi ne ruwan da ake adana gawa da shi, yana ƙona ido da maƙogwaro, kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarinsa cikin masu haddasa cutar. Amma za ka ga yaro yana auna shi da murfin kwalba a cikin rufaffen ɗakin ƙyanƙyasa, yana hawaye yana dariya. Ni a waje nake auna shi, da sirinji, da safar hannu da tabarau, kuma yana zaune cikin mazubinsa na asali a akwati mai kwaɗo. In ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa na minti 15 kafin a nufi asibiti. Farar ƙasa da ake barbaɗawa a kududdufi, iska ta kasance a bayanka. Allurar Ovaprim da ake yi wa uwar kifi don ta saki ƙwai, rabin mililita a kowane kilo, mutum biyu ke yin ta a wurina: ɗaya ya rufe kan kifin da jiƙaƙƙen tawul, ɗaya ya soka. Mai juna biyu ba ta taɓa wannan sirinji.

Saura ƙanana ne, ko da yake su ma suna kwantar da mutum. Gansakuka a kan siminti ta fi sabulu santsi, a kankare ta. Buhun abinci kilo 15 ne, yaro ya ɗora uku a ka don a ce ya iya, bayan shekara bayansa ya riƙe. Ciyawar bakin kududdufi a yanke ta, kwaɗi na kiran maciji. Ɓera a ɗakin abinci ba asarar abinci kaɗai ba ce, fitsarinsa na ɗauke da cutar da ke shiga ta rauni. Masu banda, ku fitar da murhu inda iska ke wucewa.

Masu kududdufin ƙasa da ke jan ruwa daga rafi ko madatsar ruwa, ku riƙa tambayar yaranku ko suna ganin jini a fitsari. Ba za su faɗa da kansu ba, wasu ma sun ɗauka alamar balaga ce. Tsargiya ce, daga dodon koɗin da ke cikin ruwan take fitowa ta shiga ta fata, kuma tana da magani a asibiti.

Wanda gonarsa ta girma har yana biyan albashi a wata, ya sani akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin Najeriya. Yawancinmu ba mu kai can ba, yaran unguwa muke ɗauka a biya su a yini. To ko ba takarda, kuɗin asibitin wanda ya ji rauni a tankinka naka ne.

In tankin a cikin gida yake, a tsakar gida inda yara ke wasa, a sa masa shinge da ƙofa mai sakata a sama, inda hannun ɗan shekara uku ba ya kaiwa. Tankin tamfol mai ruwa iya gwiwa ma ya isa ya nutsar da ƙaramin yaro. Tawa sakatar sai da na ƙara ɗaga ta bara, da na tarar da autana ya jawo kujerar tsuguno yana gwada ta.