Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin kuɗin gina siton kicin a Legas

Duk Bahaushen da ya daɗe a Legas, ko a Agege yake ko Idi-Araba ko Ikorodu, ya san cewa sayen abinci mudu-mudu shi ne ke cinye kuɗin gida, shi ya sa magidanci da zarar ya samu hali yake so ya sauke buhun shinkafa da na wake da jarkar mai daga kasuwar Mile 12, ko kuma a aiko masa da gero da masara daga gida bayan kaka. Daga nan ake fara neman inda za a zuba su, domin kicin ɗin yawancin gidajen Legas ƙarami ne, sai maganar gina sito ta taso, wato ɗan ɗakin da mutum zai shiga da ƙafarsa ya ɗauko abin da yake so. Aikin ba babba ba ne, amma sau da yawa yakan tsaya a rabi, ko a gama shi da kuɗin da ya zarce abin da aka ware nesa ba kusa ba, kuma kusan kullum tun daga takardar lissafi matsalar take farawa.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne yin lissafin Arewa a garin da ke bakin teku. A Kano ko Katsina, inda iska take bushe fiye da rabin shekara, mutum zai iya jingina buhun gero da bango ya manta da shi har wata damina, kuma kakanninmu sun ajiye hatsi a rumbu shekara da shekaru. Legas ba haka take ba. Ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, ana yin sa sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma danshin iska a waɗannan watanni yakan wuce kashi 80 cikin 100. Wanda ya rubuta bulo da siminti da ƙofa da katako kawai, ya ɗauka ya gama, to ya bar rabin aikin a waje, domin a wannan gari babban abin da sito yake yaƙi da shi laima ce. Idan ta samu hanya, garin tuwo zai dunƙule, wake zai yi ƙwaro da wuri, albasa ta ruɓe, bango ya yi hunhuna, kuma asarar abincin shekara guda za ta iya kaiwa kuɗin da aka yi ƙoƙarin ragewa a ginin.

Gyaran shi ne a ba danshi nasa layi a cikin lissafi tun kafin a sa bulo ɗaya. A ware kuɗin leda mai kauri da za a shimfiɗa ƙarƙashin daɓe, da kuɗin ɗaga daɓen sama da tsakar gida, musamman a unguwannin da ruwa ke kwanciya idan an yi mamako. A sa kuɗin maganin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓin filasta, da tayil a ƙasa da gindin bango, da katakon da za a ɗora buhuna a kai don kada su taɓa daɓe. Abu mafi muhimmanci kuma, wanda na ga an fi yi wa rowa, shi ne hanyar iska. Sito yana buƙatar ƙofar iska biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kowacce da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, ko kuma ƙaramar fanka mai zuƙo iska ta fitar waje. Mutane kan toshe ko'ina saboda tsoron ɓera, su mai da ɗakin tamkar tukunya a rufe, alhali raga mai kyau tana tsare ɓera da kyankyaso ba tare da ta hana iska wucewa ba. Abin da ya kamata a toshe shi ne ƙasan ƙofa da gefen bututu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuskure na gaba shi ne fara maganar kuɗi kafin a san abin da za a ajiye. Maigida yakan kira birkila, su tsaya a bayan kicin su auna da ido, ba tare da an tambayi uwargida ba, alhali ita ce ta san buhu nawa ake ci a wata, da girman tukwanen suna da na biki, da kuloli da turmi da injin markaɗe, da ko firiza za ta shiga ciki. Awo kuwa ba ya ƙarya. Idan ana son kantar jera kaya a bango biyu masu fuskantar juna, kowacce mai zurfin santimita 40, kuma a bar hanyar da mutum zai iya sunkuyawa ya ja buhu, wadda bai kamata ta gaza santimita 90 ba, to faɗin cikin ɗakin ya zama mita 1.7 ke nan. Wanda ya auna mita 1.5 daga waje, ya manta da kaurin bulo da filasta, zai tarar da ɗakin da kanta ɗaya kawai yake ɗauka, kuma rushe bango a matsar da shi ya fi gina shi tun farko tsada. Da awo a hannu lissafin kaya ma yana sauƙi: bulo kusan 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya, saboda haka bango uku masu jimillar tsawon mita 6 da tsayin mita 3 za su ci kusan bulo 180, ban da na harsashi da waɗanda za su fashe a hanya.

Akwai kuma masu haɗa ayyuka biyu mabambanta a farashi ɗaya. Yanke wani ɓangare na kicin ko na baranda a mai da shi sito aiki ne na bango ɗaya ko biyu da ƙofa. Fitar da sabon ɗaki waje kuwa yana ɗauke da harsashi da linta da rodi da rufi, da haɗa sabon kwano da tsohon ta yadda ba zai yi yoyo ba, da fasa ƙofa a bangon da wataƙila shi ke ɗauke da nauyin bene. Wanda ya ji maƙwabcinsa ya yi nasa da kuɗi kaza, ya kamata ya fara tambayar wane iri ya yi. Idan za a taɓa bango mai ɗauke da nauyi, ko za a jibge kaya a hawa na sama, kuɗin injiniyan da zai duba dole ne ya shiga lissafi, domin buhu 10 masu kilo 50 rabin tan ne a wuri ɗaya, kuma Legas ta ga rushewar gine-gine da yawa da bai kamata a ɗauki wannan da wasa ba.

Wannan ya kawo maganar hukuma, wadda mutane da yawa ba sa tunawa da ita sai sun ga jan fenti a bango. Ƙara gini a Legas yana buƙatar izini daga hukumar ba da izinin tsara gine-gine ta jiha, LASPPPA, kuma hukumar kula da gine-gine ta jiha, LASBCA, ce ke sa ido a kan aikin. Akwai tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da katanga, kuma bayan kicin, inda aka fi so a manna sito, shi ne daidai wurin da wannan tazara take, ban da cewa a nan ne sau da yawa ramin bahaya da bututun ruwa suke. A je ofishinsu na yanki a tambaya kafin a sayi yashi, a sa abin da aka faɗa a lissafi. Wanda yake haya kuwa, kada ya dogara da amincewar baki daga mai gida ko wakilinsa. A rubuta wa zai biya, da ko za a cire kuɗin daga haya, da abin da zai faru ranar tashi. Idan mai gida ya ƙi rubutawa, kantocin ƙarfe da za a iya kwancewa a tafi da su sun fi gini amfani.

Wajen kanta ne araha ta fi yaudarar mutane. Kafinta zai kawo farashi biyu, maigida ya zaɓi na ƙasa, a yi aikin da allon MDF mai sheƙi wanda ranar farko ya fi kowanne kyau, amma wannan allo garin katako ne da aka matse, kuma da zarar laima ta shige shi ta gefe sai ya kumbura ya lanƙwashe. A ra'ayina, ƙasan sito inda buhuna da jarkoki za su zauna a yi shi da kankare a sa tayil, ko da ƙarfe da aka yi wa fentin hana tsatsa, sama kuma a yi amfani da falankin da ke jure ruwa ko busasshen katako da aka shafa wa maganin gara. Ya kamata mai aikin ya je kasuwar katako ta Mushin ko kasuwar kayan gini ta Odunade da ke Orile da ƙafarsa ya ji farashi, ko da kafinta ne zai saya daga baya, kuma a rubuta sunan allon da kaurinsa a takarda, saboda kalmar "katako mai kyau" ba ta ɗaure kowa.

Sai ƙananan abubuwan da ba a rubutawa, waɗanda idan suka taru sukan kai kuɗin bulo: dakon kaya a cunkoson Legas, ladan masu saukewa da masu hawa da yashi bene, kwashe ɓaraguzai, ruwan kwaɓi idan saya ake yi, ƙusa da makulli da fenti, da gyaran tayil ɗin kicin da zai fashe wurin fasa ƙofa. Wuta ma haka. Ƙwai ɗaya ba ya cin kuɗi, amma idan firiza za ta shiga, tana buƙatar soket nata da waya mai kauri, kuma zafin da take fitarwa yana ƙara buƙatar iska a ɗakin, don haka a yanke shawara kafin a yi filasta.

Game da farashi, kuskuren shi ne riƙe tsohon lissafi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, siminti da rodi da kuɗin mota sun yi ta motsi, har takardar da aka rubuta watanni uku baya takan zama tarihi. A nemi farashi daga masu aiki uku, kowa ya raba kuɗin kaya daban da kuɗin aiki daban, a sa kwanan wata a kai. Shawarata ita ce a ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan jimillar a ajiye gefe, kuma idan tsohon gida ne a karkata ga na saman, domin ba a sanin abin da ke cikin bango sai an fasa shi. Masu sayen siminti su tara don gudun tashin farashi su sani cewa a iskar Legas buhun siminti yana daskarewa idan ya daɗe. Rodi da tayil da ƙofa su ne suka fi jure jira.

Biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko, saboda mai aikin ɗan gari ne ko abokin salla ne a masallacin unguwa, ya ɓata zumunci da yawa. A ba da kafin alƙalami daidai da kayan matakin farko, a biya sauran bayan harsashi, bayan rufi, bayan filasta, a riƙe wani abu har sai an gama. Lokacin aikin ma yana cikin kuɗi, domin ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya tashi gini makonni biyu kafin azumi ko a tsakiyar Yuni zai biya kuɗin gaggawa da na ranakun da ruwa ya hana aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne filasta ke bushewa da kyau, kuma ko a lokacin a bar ɗakin a buɗe makonni kafin a shigar da buhu na farko, sannan idan zai yiwu a bar kason ƙarshe na kuɗin mai rufi har ruwan farko ya sauka a ga ko mahaɗar kwanon tana zuba.